Neman kalma: me za mu kira superconductor?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin kimiyya, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Abu ne da in aka sanyaya shi sosai, lantarki ke bi ta cikinsa ba turjiya ko kaɗan. A 2014 an ƙaddamar da irin wayarsa mai tsawon kilomita 1 da aka binne a birnin Essen na Jamus, ta yi aiki da bolt 10,000 a madadin tsohuwar mai 110,000. A taimaka.

Ɗan Tasha: Sufa-kwandasta mana. Sai dai masu sauraro za su zaci yaron mota ne ya samu ƙarin girma.

Malam Nahawu: Allah ya kiyaye. Ni na ce "zarcau", daga zarce, a kan awon gagarau. Wuta ta zarce, ba mai tare ta.

Injiniya: Malam, da gyara. Ba kullum take zarcewa ba. In layi ya haɗe, wuta ta yi yawa, nan take abin ke komawa mai turjiya ya rage mata ƙarfi kafin taransifoma ta ƙone. Da ya huce ya koma yadda yake. Amfaninsa ke nan wajen kare layuka. Ni "marar turjiya" zan ce.

Malam Nahawu: Wannan bayani ne, ba suna ba. Haka muka saba, yaren wasu ya haifi kalma, namu ya yi ta kewaye-kewaye.

Ɗan Tasha: To ita "lantarki" wa ya haife ta? Ba aro ba ce?

Malam Nahawu: Ba da kai nake ba.

Malama Ta Kimiyya: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Tarkon yana wurin "high-temperature" da ake ƙarawa a sunan sabon irinsa da Turanci. Kada ka kuskura ka ce "mai zafi". Wanda masanin kimiyya Onnes ya gano a 1911 ba ya aiki sai a digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius. Bayan binciken masana Bednorz da Müller na 1986 aka samu masu aiki a ruwan naitirojin, 196 ƙasa da sifiri. Zafin ke nan fa. Ka ce "mai sauƙin sanyaya".

Mai Fassara: Na gode, Malama. Zan ce "marar turjiya mai sauƙin sanyaya", in ambaci zarcau sau ɗaya.

Malam Nahawu: Sau ɗaya? To, shi ke nan. Amma ka faɗe shi da farko.