Abin da aka ce kan raɗaɗin ido da bushewarsa

Na tattaro abin da jama'a suka faɗa a wata doguwar tattaunawa da aka yi kan abin da ke taimaka wa masu raɗaɗin ido da bushewarsa.

1. Kusan kowa ya yi kuka da abu ɗaya: ido na zafi kamar an zuba barkono, likita ya duba ya ce lafiya lau. Wasu sun bayyana cewa jijiyoyin baƙin ido ne ke aika saƙon ciwo ko babu rauni. Akan ɗiga maganin kashe zafi don gwaji. Idan raɗaɗin bai tafi ba, matsalar ta wuce saman ido.

2. An yarda da hawayen kwalba (ruwan ɗigawa mai jiƙa ido) marasa sinadarin adanawa, da gasa fatar ido da tsumma mai ɗumi na minti 10.

3. Lokacin hunturu, tabarau mai rufe gefe. A kauce wa fanka da hayaƙin girki. Masu waya su riƙa ƙifta ido, su huta duk minti 20.

4. An rabu kan amfanin shan man kifi. Haka ma magungunan ciwon jijiya, gabapentin da amitriptyline: wasu sun samu sauƙi, wasu jiri da barci suka hana su ci gaba da sha. Likita kaɗai ke rubuta su.

5. Kwalli kam an sha musu, amma masu cewa a bar shi saboda dalmar da akan samu a cikinsa sun fi hujja a ganina.