Injin kwance noti mai batir a cikin Hilux: wane girma zan saya, kuma ina zan riƙa ajiye shi?

Mai Hilux, Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata Hilux ce ta 2012, injin fetur 2.7, mai jan ƙafa huɗu, kuma yawancin tafiyarta a hanyar burji ne tsakanin ƙauyuka. Ina so in riƙa yin ƙananan gyare-gyare da kaina: canjin taya, birki, juyen baƙin mai, shokazoba. Shi ya sa nake son sayen injin kwance noti mai batir, wanda makanikai ke ce wa impak. Wane ƙarfi ne zai ishe ni? Zan iya ɗaure notin taya da shi kai tsaye? Sannan idan na bar shi a cikin mota kullum, zafin rana ba zai kashe batirin ba? Allah ya saka da alheri.

Oga Bakanike, Kano

Wa alaikumus salam Alhaji. Fara da bambance abu biyu, domin a kasuwa ana haɗa su da suna ɗaya. Akwai ƙaramin da bakinsa rami ne mai kusurwa shida na kwata inci, na masu rufin kwano da kafintoci. Wannan ba naka ba ne, ba zai motsa notin da ya shekara a taya ba. Naka shi ne mai baki murabba'i na rabin inci, wanda soket ke hawa kansa.

Maganar ƙarfi kuwa, duba abin da motar ke buƙata. Notin tayar Hilux soket 21 ne, tiredinsa M12 x 1.5, guda shida a kowace ƙafa, kuma ɗaurinsa wajen 105 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Idan rim ɗinka na alminiyam ne ka duba littafin motar, don wasu sun ɗan fi haka. Bol biyu da ke riƙe kalifa ta gaba, wato gidan takalman birki, soket 17 ne, 123 Nm. Babban notin tsakiyar ƙafar gaba soket 35 ne, 235 Nm. To amma kwancewa ta fi ɗauri cin ƙarfi, saboda tsatsa da laka, da kuma masu faci da ke hawa kan wil-sifana da ƙafa. Don haka injin da aka rubuta masa 280 ko 330 Nm, irin Makita DTW285 da DTW300, zai kwance notin da aka ɗaure daidai, amma ya haɗu da wanda aka taka sai ya yi ta bugu a banza. Ni abin da nake ganin ya dace da a-kori-kura shi ne matsakaici, 600 zuwa 700 Nm, kamar DTW700. Manyan, irin DeWalt DCF899 mai 950 Nm, sun fi dacewa da gareji: suna da nauyi, ba sa shiga lungun shokazoba, kuma a hannun sabon shiga saurin karya bol gare su.

Kar ka yarda da lambar da aka buga a kwalin injin da ba shi da sunan kamfani. Riƙe shi ka ji nauyinsa, ka nemi a gwada maka a kan notin mota a gabanka.

Soket ma na musamman ne. Baƙaƙen nan masu kauri da aka rubuta wa Cr-Mo, masu kusurwa shida. Farare masu ƙyalli na hannu ne, ƙarfensu tauri gare shi ba ya lanƙwasa, bugun impak na tarwatsa shi, ɓarɓashin kuma ido yake nema. Ka sayi 14, 17, 19, 21 da 22, dogaye, da ɗan gajeren ƙari shi ma baƙi.

Yanzu babbar tambayarka. A'a, kar ka ƙarasa ɗauri da impak. Ba ya sanin inda zai tsaya. Gwargwadon daɗewar yatsanka a kan maɓalli, gwargwadon matsewar. Bol ɗin taya yana miƙewa kaɗan idan an ɗaure shi, wannan miƙewar ce ke riƙe rim. Idan ta wuce iyaka ba ya komawa, sai ya sirance a gindin tiredi, wata rana ya tsinke a kan gargada. Ɗaurin da bai zo ɗaya ba kuma yana iya karkatar da faifan birki, ka riƙa jin feda na rawa. Yadda ake yi: ɗora kowane noti da yatsu, zagaye uku ko huɗu, don ka tabbata ya hau tiredi daidai. Matso da su da impak a giya ta ɗaya har su taɓa rim kawai. Sauke motar, ka ƙarasa da sifana mai awon ɗauri a 105, kana tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba. Kar ka shafa giris ko baƙin mai a tiredin, domin awon na busasshen tiredi ne.

Notin juyen mai, fulogi, da duk bol ɗin da ke shiga alminiyam, impak ba ya zuwa kusa da su. Notin juyen mai soket 14 ne, ɗaurinsa bai kai 40 Nm ba.

Mai Gyaran Batir, Maraɗi

Oga ya gama maganar ƙarfe, bari in taɓa ta batir, don a ƙasashenmu nan ne kuɗin ke salwanta. Littafin Makita ya ce kada a ajiye inji da batirinsa inda zafi zai kai digiri 50. Motar da aka rufe gilasanta a rana cikin Afrilu ko Mayu, a Maraɗi ko Sakkwato ko Gusau ɗinku, cikinta na wuce haka, kan dashbod ma ba a magana. Akwatin ƙarfe a bayan bodi shi ma haka. Zafi ba ya kashe batirin lithium rana ɗaya, cin sa yake a hankali, kuma ya fi cin wanda ke cike taf. Sai ka ga batirin da ke kwance ƙafa huɗu ya koma ba ya gama ɗaya.

Saboda haka, Alhaji, injin da soket su zauna a mota, a ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta, cikin akwatinsu. Batir kuma ya riƙa shiga gida tare da kai, ranar tafiya ka ɗauko. Idan dole ya yini a mota, ƙasan kujera ya fi ko'ina sanyi. Cire shi daga jikin injin, don gargada na iya danna maɓalli a cikin jaka. Kar ka jefa shi tsirara cikin akwatin noti da sifanu. Ƙarfe ɗaya ya haɗa bakinsa biyu, wuta ce. In zai daɗe ba a aiki da shi, bar shi da rabin caji, ka duba shi duk bayan wata biyu ko uku.

Batirin da ya yi zafi daga aiki ko daga rana, a bar shi ya huce kafin a sa a caja. Tsakanin digiri 10 da 40 ake so a yi caji.

Wani abu da ke ruɗa masu saye: 20V na Ingco ko Total ko DeWalt da 18V na Makita ƙarfi ɗaya ne. Ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace 3.6, wato 18. Idan sun cika sukan nuna 4, wato 20. Abin dubawa shi ne Ah, wato yawan cajin da batirin ke ɗauka. Ɗauki 4.0 ko 5.0, domin ƙaramin 2.0 ba ya iya ba injin wutar da yake ja lokacin bugu, sai ƙarfin ya faɗi ko da an rubuta 700 a jiki. Caji a mota kuma, ramin kunna sigari wajen wat 120 yake bayarwa, caja mai sauri ta fi ƙarfinsa. Nemi cajar da aka yi don 12V, kamar Makita DC18SE, ka yi caji injin mota na aiki.

Tsohon Direba, Funtuwa

Ban ƙi ta taku ba, amma ni a ganina impak shi ne na uku a layin saye. Na farko dogon hannun soket na rabin inci, santimita 60, wanda ba ya buƙatar caji. Na biyu sifanar awo. Idan babu ita a daji, lissafin mai sauƙi ne: 105 Nm daidai yake da nauyin kilo 21 a kan hannu mai tsawon rabin mita. Ƙarfin hannu ɗaya ne, ba na ƙafa ba.

Kuma impak na jawo ganganci, domin yana kwance noti taya na sama, sai mutum ya manta da abin da ke riƙe da motar. Ja birkin hannu, sa giya, sa dutse ko katako gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ke fuskantar wadda za ka cire. Ɗauki katako mai kauri, faɗin taki ɗaya, na ɗora jak a yashi. Idan za ka shiga ƙasa don shokazoba, sai da ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin shasi, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A hanya, tura tayar da ka cire ƙarƙashin shasi.

Kar ka sa impak a na'urar sauke safaya da ke ƙarƙashin bodi. Da sandar jak ake juya ta, a hankali. Bugu na lalata cikinta, safaya ta maƙale a sama ranar da kake buƙatarta. Birkin gaba na irin motarka ma ba ya son impak: fil biyu da ɗan waya ne ke riƙe da takalman, filaya ta isa.

Mai Hilux, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Oga, tunda ka ambaci tsinkewa: bol ɗaya a ƙafar baya ta hagu ya riga ya karye, saura biyar. Zan iya canza shi a gida?

Oga Bakanike, Kano

Za ka iya, Alhaji, kuma kar ka ɗauki kaya a kan biyar ɗin. Toshe tayoyin gaba sosai, ɗaga motar a kan ƙafar ƙarfe, cire taya, sannan ka saki birkin hannu, in ba haka ba gangar birki ba za ta fito ba. Idan ta kafe, akwai ramuka biyu masu tiredi a fuskarta. Sa bol M8 x 1.25 guda biyu, ka riƙa juya su kaɗan-kaɗan da hannu, wannan sannan wancan, za su turo ta. Ƙurar ciki kar ka hura ta da baki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Juya aksil har guntun ya zo inda bayansa ke da fili, ka fitar da shi ta baya. Abin matse bol-joyin ya fi guduma, domin dukan guduma na sauka a kan boris. In guduma ce kawai, bugu biyu ko uku masu kyau, ba ashirin ba. Shigo da sabon ta baya, haƙoransa su dace da na ramin. Jera wosha huɗu ko biyar masu kauri a kansa, ɗaura wani noti M12 x 1.5 mai buɗaɗɗen baki wanda ba za ka sake amfani da shi ba, ka ja da dogon hannu har kan bol ɗin ya kwanta sak a bayan farantin, babu ko siririn fili. Nan ma ban da impak, zai miƙar da sabon tun bai fara aiki ba.

Duba sauran biyar kafin ka rufe. Gwada noti mai kyau a kowanne da yatsu: idan ya tafi sumul har ƙasa, lafiya, idan ya cije a tsakiya, ko ka ga gindin ya sirance, shi ma ya miƙe, canza shi, don hannun da ya karya ɗaya shi ya ɗaure sauran. Notin rim na ƙarfe mai tsinin baki kar ya hau rim na alminiyam, wanda nasa mai wosha ne. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin shidan da sifanar awo, domin sabon bol yakan ƙara zama.