Shawara: in kunna mata The Notebook ko in haƙura?

Baban Amira: Salam jama'a. Maiɗakina ta daɗe tana so mu kalli The Notebook na 2004. Damuwata ita ce mahaifiyarta na fama da ciwon mantuwa, wata rana ma ba ta gane ta, kuma na ji labarin fim ɗin ya taɓo wannan ciwon. A Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin fina-finai, masu sharhi sun rabu kusan gida biyu, 'yan kallo kuwa sun yaba. Wanda ya kalla tare da mai irin wannan hali ya gaya min, zai sanyaya mata rai ne ko zai fama mata ciwo?

Sarkin Kallo: Ka nemi Titanic kawai, lambobin yabo na Oscar 11 ya ci.

Malam Na-Gefe: Masu kushe shi sun ce an cika masa zuma, an ɗana tarko ne don a sa mutane kuka. Amma Roger Ebert taurari 3 da rabi cikin 4 ya ba shi, shi kuwa ba ƙaramin mai sharhi ba ne.

Maman Ilham: Ni kam ko sunan fim ɗin ba na son ji. Da tsohon mijina muka kalla. Wajen da tsohon nan yake zaune yana karanta wa matarsa labarinsu, ita ko sunansa ba ta tunawa, sai ya damƙe hannuna, hawaye shaɓe-shaɓe, wai ko ƙasa da sama za su haɗe haka zai yi min. Da na kwanta jinya bayan haihuwa, a bakin ƙofa yake tsayawa da makullin mota a hannu ya ce "ya jiki?" Kafin in amsa ya juya. Ban gama warkewa ba aure ya mutu.

Anti Zee: Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Mazan da ke saurin kuka a fim ni tsoronsu nake ji.

Sarkin Kallo: Anti, mu da muka yi barci tun kafin fim ɗin ya kai wajen ruwan saman nan, kenan mu ne mazan aure?

Ɗan Boko: Dala 4 na biya haya na kalla, ban yi asara ba.

Anti Zee: Wace dala 4? Yana cikin kuɗin wata da nake biyan manhajar kallon fina-finai, ko sisi ban ƙara ba.

Ɗan Boko: A taki manhajar dai. Ni tawa da na so saya gaba ɗaya kusan 15 suka ce.

Malam Na-Gefe: Hajiya, da girmamawa, laifin mijinki ne ba na fim ba. Gena Rowlands da ta fito a tsohuwar, mahaifiyar daraktan ce Nick Cassavetes, kuma ita ma ciwon mantuwa na Alzheimer ya kama ta kafin ta rasu a 2024. Ba da wasa suka ɗauki abin ba.

Maman Ilham: Malam, kai sharhi ka karanta, ni a jikina na ji. Wa ya kamata ya saurara?

Baban Amira: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Amma tambayata kan surukata ce fa.

Ɗan Boko: Ka dai duba wanne za ka kunna. A 2019 masu kallo a Ingila sun yi ta ƙorafi, wata manhaja ta sa musu wanda ƙarshensa ya bambanta, ba a nuna mutuwar tsofaffin biyu ba, sai tsuntsaye na tashi.

Sarkin Kallo: To ka gama ba shi labarin ai!

Anti Zee: Wannan halin na masu manhajojin nan ne ke ƙona min rai. Na kai rabin wani fim, washegari na dawo an cire shi, kuɗina kuwa ranar ɗaya ga wata suka zare. Akwai wanda ya taɓa samun su dawo masa da kuɗi?