Neman kalma kafin Litinin: évaluation furtive

Malama, Tawa: Salamu alaikum. Ran Litinin zan yi wa malaman firamare bayani da Hausa, kalma guda ta Faransanci ta tsaya mini: évaluation furtive. Ga abin da take nufi. Yaro na wasa a kwamfuta, kamar Physics Playground, inda yake zana gangara don ya kai koren ƙwallo ga jan balan-balan. Wasan na rubuta sau nawa ya gwada, minti nawa ya ɗauka, ko ya nemi taimako. Da haka ake gane fahimtarsa ba tare da an tsayar da shi an yi masa tambaya ba. Valerie Shute, mai bincike kan ilimi a Amurka, ita ce ta yaɗa sunan da Turanci. Me za mu ce?

Mai fassara, Yamai: Jarrabawar ɓoye.

Malama: Yaya, ban da jarrabawa. Ɗan lakkol na jin kalmar gabansa ya faɗi, abin da ake gudu ke nan. Ɓoye kuma iyaye za su zaci leƙen asiri ake wa ƴaƴansu.

Tsohon mushe (malamin lakkol): Ɗiyata, awo ne. Da tiya muke awon hatsi, a likita a yi awon ciki. Tsoho in ya zauna bakin dara, kafin yaro ya kafa icce uku ya san ƙarfinsa, bai tambaye shi komi ba. Ki haɗa wasa da awo: wasawo.

Mai fassara: Baba, kunne zai ji wawaso. A rediyo "tantancewa" ake cewa.

Tsohon mushe: Rediyon wa? Komi sai mun jira Kano ta yanke muna? Tun 1973 aka fara karantarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 ta zama harshen ƙasa a Nijar. Mu ƙera namu! Wasawo gajera ce, yaro zai riƙe.

Ɗalibi, jami'ar Tawa: Baba, Hausa ta kowa ce. Kuma tantancewa zaɓe ce tsakanin mutane, nan ba a fid da kowa.

Tsohon mushe: To, ka gani. Saura wasawo.

Malama: Baba, na karɓi awo, na gode. Amma na gwada wasawo ga maƙwabciyata yanzu, ta ce mene ne shi? Zan rubuta "awon fahimta cikin wasa".

Tsohon mushe: Kalma huɗu wurin guda. To, rubuta. Amma ki ambaci tawa ran Litinin, ki gaya mini abin da malaman suka ce.