Gudun Fanfalakin Legas: Ɗan Dako Ya Kawo Kuka, 'Yan Zaure Sun Amsa

Ɗan Dako, Mile 12:

Salamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta baitocinku ban tanka ba. Yau abin ya ci ni, ga nawa. In kari ya karye a yi mini afuwa.

Da sunan Allah zan buɗe kukana,
Sarkin da bai taɓa gyangyaɗi ba.

Ni ɗan dako ne a kasuwar Mile 12,
Kwandon tumatir bai san ina da buri ba.

Motocin Arewa kan iso cikin dare,
Mu sauke kaya tun gari bai waye ba.

In na aje kwando sai in ɗaura takalmi,
Gwanjon Katangowa ne, ban sayi sabo ba.

Burina gudun fanfalaki na birnin Ikko,
Wanda tun 2016 ba a fasa yin sa ba.

Kilomita 42 ne da 'yan mitoci,
Ƙarfin tuwo kaɗai bai taɓa kai mutum ba.

So nake in shigo ƙasa da awa 3,
Nan na sa raina, kuma ban rage ba.

In ga sunana a sahun 'yan gida na gaba,
A ce ga Bahaushe, bai zo kallo ba.

Ranar mun tashi daga Surulere,
Bakin babban fili, rana ba ta fito ba.

Na bi 'yan gaba, Ojuelegba har Anthony,
Ina jin kaina, ban ga mai kamo ni ba.

Muka hau gadar Third Mainland, kusan kilomita 12,
Ruwa hagu da dama, ban hango ƙarshenta ba.

Na sauka Ikoyi ƙafa ta soma gardama,
A kilomita 30 ba ta ƙara jin magana ba.

Cinya ta ɗaure, idanu suka yi duhu,
Na gan ni a gefen titi, ban san na zauna ba.

Motar kwasar gajiyayyu ta ɗauke ni,
Na rufe fuska, ban kalli kowa ba.

Na koma kasuwa, abokai suka sa ni gaba:
"Ga ɗan Kenya!" Ba su bar ni na sha ruwa ba.

Dariyarsu mai sauƙi ce, tana wucewa,
Muryar da ke cikina ce ba ta yi shiru ba.

Kullum asuba in na sunkuya ɗaurin igiya,
Sai ta ce: "Wa ya yi a gidanku? Ba a yi ba."

To ku faɗa mini gaskiya, manya da yara,
In ci gaba, ko ban dace da wannan ba?

Kawu Mai Goro, Agege:

Wa alaikumus salam, ɗana. Gaskiya ka nema, to ga ta ba sukari.

Ɗana, na ji kukanka har cikin raina,
Amma bari in taka maka birki.

Na riga ka zuwa Ikko da shekaru,
Tun goro na hawa jirgin ƙasa nake aiki.

Wa ke lashe gudun nan in ban da baƙi?
Kenya da Habasha ne, kuma ba mamaki.

Su gudu ne sana'arsu, a kansa suke kwana,
Ga mai horarwa, ga likita, ga mai tausar jiki.

Kai kuwa ka kwana kana sauke albasa,
Ka karya da shayi da burodi, rabin ciki.

Dala 50,000 da ka ji an ba na ɗaya,
Ka ji ta a rediyo, bar ta nan a baki.

Gwiwar nan da kake niƙawa a kan kwalta,
Ita ce jarinka, da ita kake biyan ɗaki.

In ta lalace wa zai aika wa Inna?
Masu tafi su watse, a bar ka da tsaki.

Tara kuɗinka ka kama teburin tattasai,
Ka yi aure, ka zauna kamar mutanen kirki.

Direban Danfo, Ketu:

Ranar gudunku an rufe mana titi,
Na yini ban ɗau fasinja ko ɗaya ba.
Ashe har da kai aka hana ni abinci,
Ka kuma hau mota kyauta, ba ka biya ba!

Anti Nas, Idi-Araba:

Direba, Allah ya shirye ka. Kawu ina gaisuwa, a gafarce ni, zan ɗan saɓa maka.

Ƙanena, share fuska ka saurare ni,
Abin da ya kama ka yana kama kowa.

Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka,
Shi ne man da gudu ke ƙonawa.

Ajiyar ba ta da yawa, ga mai dogon zango
Wajen kilomita 30 take ƙarewa.

In ta ƙare sai jiki ya koma kan kitse,
Shi kuwa kitse a hankali yake narkewa.

Nan ƙafa ke yin nauyi, kai ya ɗau jiri,
Ba ruwan wannan da zuciya ko baiwa.

Ƙara da zafin Ikko mai tafe da laima,
Gumi na zuba amma ba ya bushewa.

Gumin da bai bushe ba bai sanyaya kowa,
Ga gishirin jiki na bin ruwa yana ficewa.

Me ka ci a daren? Me ka sha a hanya?
Ko ba ka faɗa ba, ka tafi da yunwa.

Ka ci shinkafa ka ƙoshi kwana biyu kafin ranar,
Ka riƙe dabino, kana gudu kana taunawa.

Kar ka jira ƙishi, kurɓa a kowane tebur,
Ka saba wa ciki tun a lokacin gwadawa.

Kawu, Kipchoge ɗan Kenya, gwanin fanfalakin da ake ji da shi,
Mai zinare biyu na Olamfik, ba musawa,

A Faris, 2024, bai kai ƙarshe ba,
Ya tsaya a hanya, ba wurin ɓoyewa.

Tobi Amusan ta Najeriya ta zo ta 4 a gasar duniya a Doha,
Ta sake ta 4 a Olamfik na Tokyo, lamba na kuɓucewa.

A 2022, tseren shinge na mita 100,
Daƙiƙa 12.12, ta shafe tarihin kowa.

Batun gwiwa kuwa, nan Kawu ya yi gaskiya,
In ta kumbura ka huta, ban da dannewa.

Bahagon Alaba Rago:

Ku matsa, tsohon ɗan dambe zai yi magana. Ni ban iya lissafin Anti ba, abin da na gani zan faɗa.

Yaro, ni ne Bahago na Guramada,
Na ɗaura hannu tun kana wasan ƙasa.

Na yi kisa an ɗaga ni ana kiɗa,
Ni ma an shimfiɗe ni, an yi mini kisa.

Wanda ya kashe ni yaro ne ɗan Kudu,
Turmin farko ya aiko da hannunsa.

Na tashi, makaɗa sun sauya gefe,
Masu yi mini liƙi suna liƙa masa.

Muryar nan da kake ji na san ta sarai,
Ta kwana da ni tana cewa Bahago fasa.

Ba ta mutuwa, kar wani ya ruɗe ka,
Kowane gwani na shiga fili da tasa.

Ni dai na bar ta tana ta surutu,
Na miƙa hannu aka naɗa zare bisa.

Na koma fili gabana na faɗuwa,
A turmi na uku na ɗauko fansa.

Kawu na cewa ka kama tebur,
Tebur na nan, ba ya tsufa, ba ya nisa.

Ƙafa kuwa lokacinta ƙidayayye ne,
In ya wuce, kuɗi ba sa dawo da irinsa.

Kawu Mai Goro, Agege:

Bahago, faɗa masa haƙora nawa suka rage,
Kafin ka tura ɗan mutane fanfalaki.
Kirari ba ya biyan kuɗin asibiti,
Na ga 'yan dambe da yawa a ƙarshen aiki.

Koci Ɗan Jos, Obalende:

Kawu da Baba Bahago, a ajiye sanda. Na yi gudu a Filato ina saurayi, yanzu yara nake horarwa da asuba. Ɗan Dako, matso.

Wani ya ba ka zuciya, wani ya ba ka tsoro,
Ni tambayata ɗaya ce: ina lokaci?

Mai son ƙasa da awa 3 a wannan zango,
Minti 4 da daƙiƙa 15 duk kilomita, ba sassauci.

Ka ce ka bi 'yan gaba har Anthony,
Su minti 3 da 'yan kai suke yi, ka yi ganganci.

Bashin da ka ci a kilomita 10 na farko,
Shi ka biya a Ikoyi da takaici.

Iten ta Kenya a kan tsauni take,
Mita 2,400, iskar shaƙa na da ƙaranci.

A can jini ke koyon ɗaukar iska,
Su sauko bakin teku ba sa jin ƙunci.

Shi ya sa a gida 'yan Filato ke gaba,
Tudun Jos da Pankshin ya yi musu gatanci.

Kai ba ka da tudu, kwalta gare ka da zafi,
Da aikin dare mai cinye maka barci.

To kar ka auna kanka da ɗan Kenya bana,
Wanda ya yi haka ya yi wa kansa zalunci.

Gwanjo kar ya dame ka: Abebe Bikila ɗan Habasha a Olamfik na Roma,
1960, ba takalmi ya yi gudu, kuma ya ci.

Mu fara da kilomita 10, in riƙe agogo,
In ka yi ƙasa da minti 39, akwai kusanci.

In ka yi 45, zan faɗa maka a fili,
Awa 3 ba ta bana ba ce, ba munafunci.

Sai rabin zango, kilomita 21,
Awa 1 da minti 25, shi ne hukunci.

Dogon gudu sau ɗaya a mako ya isa,
A hankali, kana hira da abokin zumunci.

Ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, wata da watanni,
Mai ƙarawa da garaje gwiwarsa yake ci.

Daren da ka sauke tirela, ba gudu da safe,
Hutu ma horo ne, kar ka kira shi lalaci.

Muryar cikinka ban iya rufe mata baki,
Amma agogo zai raba ku da adalci.

Ban yi maka alkawarin suna a jarida ba,
Na yi maka na gaskiya, ko tana da ɗaci.

Ɗan Dako, Mile 12:

Kawu na gode, maganarka ta shige ni,
Ban manta Inna da kuɗin ɗaki ba.

Zan shiga adashi don teburin tattasai,
Amma takalmin nan ban rataye shi ba.

Anti kin canka, garin kwaki na jiƙa a daren,
A hanya kuma ban tsaya teburin ruwa ba.

Baba Bahago, muryar tana nan yau ma,
Ta ce agogon Koci ba zai yi mini daɗi ba.

Koci, tambayarka ce nake kauce wa tuntuni,
Ban taɓa auna kilomita 10 da agogo ba.

Ina tsoron lambar da za ta fito,
Don in ta fito ba zan iya musa ta ba.

Amma faɗi wuri da rana, zan zo,
In dai motar albasa ba ta makara ba.

Koci Ɗan Jos, Obalende:

Lahadi bayan asuba, ƙofar filin Surulere,
Ka zo da ruwa, kar ka cika ciki da abinci.
Roƙi shugaban 'yan dako ya ɗaga maka daren Asabar,
Sharaɗina ɗaya ne: ka zo da barci.

Direban Danfo, Ketu:

Zuwa kam ni zan kai ka, kujerar gaba,
Ojuelegba ba ta taɓa yi mini nisa ba.
Dawowa ce da ƙafa, ka ji tun yanzu,
Ban saba ɗaukar mai gudu sau biyu ba.

Anti Nas, Idi-Araba:

Direba, kilomita 10 aka ce, ba da ƙari ba. Ka jira shi ka mayar da shi kasuwa. Koci, a sanar da mu abin da agogo ya nuna, mai daɗi ko akasin haka.

Kawu Mai Goro, Agege:

Tunda kun haɗa kai, ni na ja bakina,
Shayin Lahadi na wuyana, har da ƙwai a ciki.
Amma Koci, in agogon ya ce 45,
Ka turo mini shi Agege, akwai aiki.