Ƙafafuna sai ramewa suke yi tun da na samu rauni a laka, ina mafita?

Baban Ummi, Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Wata 7 ke nan da muka yi hatsari a hanyar Zariya, gaba kaɗan da Maraban Jos, ƙashin bayana ya karye ya taɓa laka. A takardar sallama an rubuta T10, wato raunin yana daidai gaɓa ta 10 a sashen ƙirji na ƙashin baya. Daga cibiya zuwa ƙasa ba na iya motsa komai, sai dai in an matsa cinyata ta dama ina ɗan jin alama, kamar an taɓa ni ta cikin bargo.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne rama. Ni da na yi shekaru ina buga ƙwallo a filin unguwa, yau cinyata ta koma kamar muciya, wando sai lilo yake yi a jikina. Hajiyata kullum da safe sai ta sa an gasa mini ƙafafun da tawul da ruwan zafi, a bi da man zafi. Kawuna yana so a kai ni wurin mai ɗori. Wani abokina kuma ya kawo mini 'yar na'ura mai batir da ake manna wa fata, wai tana tayar da jijiya. Sannan da dare ƙafafun kan zabura da kansu, Maman Ummi tana ta murna wai tafiya ce ke dawowa. Don Allah wanne ne gaskiya a ciki? Akwai abin da zai hana naman nan ƙarewa?

Maman Sadik, Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka lafiya. Ka dage da cin wake da kifi da kindirmo, jiki ba ya ginuwa da koko kaɗai.

Mai Keke, Tudun Wada:
Ɗan'uwa, shekarata 9 a kan keken guragu, raunina a T12 yake. Kafin a zo kan maganar tsoka, ruwan zafin nan a daina shi yau, ba gobe ba. Fatar da ba ta jin zafi ba za ta gaya maka ta ƙone ba. Ni a gida aka yi mini irin wannan gashin, cikin ƙauna da tausayi, sai da aka ɗaga tawul aka ga fatar ƙwaurina ta saɓule. Wata 3 ana wanke ciwon, atisayen da nake yi duk ya tsaya. Ka lallaɓa Hajiya, ka ce ta bar maka tausa a hankali da man zaitun. Uwa ba ta iya zama ta naɗe hannu, ka ba ta aikin da ba zai cutar ba.

Malam Fisiyo, Unguwar Rimi:
Baban Ummi, sannu da jiki. Gashin ƙashi shi ne aikina, bari in ɗan tsawaita.

Tsoka ba ta zama da girmanta sai tana ɗamewa tana ɗaukar nauyi. Tausa ba ta sa ta ɗamewa, man zafi ba ya yi, lanƙwasa maka ƙafa da wani zai yi shi ma ba ya yi. Wannan na ƙarshen wajibi ne kullum, amma amfaninsa hana gwiwa da idon sawu da ƙugu sandarewa ne, ba gina nama ba. Ramar kuwa tun makonni 6 na farko take bayyana, kuma watannin farko ne ta fi gudu. Saboda haka abin da kake gani ba sakacin kowa ba ne a gidanku.

Zaburar da ka ambata ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, wato gaɓoɓi biyu na farko a sashen kwankwaso. Wanda rauninsa yake sama da nan, kamar kai, yawanci guntun lakar da ke ƙasa da raunin yana nan da rai, jijiyoyin da suka fita daga cikinsa zuwa ƙafa ma suna nan. Saƙo ne daga ƙwaƙwalwa ba ya saukowa. Shi ya sa ƙafar ke zabura ba da izininka ba. Ka yi wa Maman Ummi bayani a hankali: zabura ita kaɗai ba shaidar dawowar tafiya ba ce. Amma labari ne mai daɗi ta wata fuskar, domin tsokar da ke zabura ita ce take amsa na'urar lantarki, kuma zaburar kanta tana ɗan rage saurin ramar. Wanda rauninsa yake can ƙasa, inda jijiyoyin suka bazu kamar jelar doki, ƙafarsa saki take yi laƙwas, na'urorin da aka saba ba sa motsa ta.

Game da jin da kake yi a cinya, ka tambayi likitanka harafin da ya ba ka a ma'aunin ASIA, wanda ake auna tsananin raunin laka da shi, daga A zuwa E. Abin da ke raba cikakken rauni da wanda bai cika ba shi ne ko akwai ji ko motsi a kewayen dubura, ba a cinya ba. Mutane na jin kunyar gwajin, amma shi ne gwajin. Sai kuma ka duba mini abin da aka rubuta a jikin na'urar abokin naka.

Alhaji Na Kabala:
Ni dai a ganina kada a raina na gargajiya. Ɗan ƙanwata ya karye a cinya, mai ɗori ne ya gyara shi, yanzu har babur yake hawa.

Anti Nas, Malali:
Alhaji, da girmanka, karayar cinya daban, laka daban. Mai ɗori ƙashi yake haɗawa, matsalar Baban Ummi kuwa ba a ƙashi take ba yanzu. Ja da murɗa a bayan da aka yi wa aiki na iya ɓata ɗan abin da ya rage. Kuma ƙashin ƙafar da ba a taka ta yana yin laushi da sauri a shekara ta farko da ta biyu, musamman sama da gwiwa da ƙasanta. Irin wannan ƙafar tana iya karyewa a wurin tausa mai ƙarfi, mai ita bai ma sani ba sai an ga kumburi.

Tunda an zo kan kumburi: duk ranar da ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da 'yar'uwarta, ta yi ɗumi, kada a tausa ta, a tafi asibiti. Jini ne kan daskare a cikin jijiyar jini, in ya ɓalle ya tafi huhu ana iya rasa rai.

Baban Ummi, Rigasa:
Na gode ƙwarai. Malam Fisiyo, TENS aka rubuta a jikinta. Mun manna ta sau uku, ban ga ƙafar ta yi komai ba.

Malam Fisiyo, Unguwar Rimi:
Na yi zaton haka. TENS ta rage ciwo ce, tsikarin fata kawai take yi. Wadda kake nema ita ce mai NMES, wato mai sa tsoka ta ɗame da lantarki, wasu na cewa EMS. Akwai masu haɗa biyun a na'ura ɗaya, ka duba maɓallanta da kyau kafin ka mayar masa. Shaidar ta yi aiki ba sai an gaya maka ba: kana zaune ƙafa na reto, an manna faifan biyu a gaban cinya, ɗaya kusa da gwiwa ɗaya can sama, za ka ga cinyar ta ɗame, ƙafar ta miƙe da kanta. In ba ta ɗame cinyar ba, ba ta gina komai.

Tsarin da aka gwada a Amurka ga masu irin rauninka ba shi da wuya: sau 2 a mako, a miƙe ƙafar sau 10, a huta, har zagaye 4. In ta iya wannan ba gajiya, sai a ɗaura ɗan nauyi a idon sawu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Cikin makonni 12 ana ganin cinya ta ƙaru. Amma ka san abu biyu. Naman da ya dawo ba ya nufin za ka iya motsa shi da kanka, kuma ranar da ka daina, ramar za ta dawo. To me ya sa za a sha wahalar? Saboda tsoka ce ke shanye yawancin sukarin da ke cikin jini, kuma tana taimaka wa jini zagayawa a ƙafa. In kuma Allah ya sa wani motsi ya dawo, gara ya tarar da nama.

Kada ka fara kai kaɗai. Akwai sashen gashin ƙashi a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, akwai a asibitin koyarwa na Shika, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano. A saita maka ƙarfin na'urar a gabanka, a koya wa Maman Ummi, kuma likita ya amince da batun ɗaura nauyi saboda laushin ƙashin da Anti ta faɗa. Ba a manna faifan a kan ciwo, kuma a duba fatar bayan an cire.

Ɗan Badarawa:
In sa baki saboda wasu masu karantawa. Ni T4 ne. Mu da rauninmu yake T6 zuwa sama, na'urar nan ko toshewar robar fitsari na iya sa jininmu ya hau farat ɗaya: kai ya riƙa sarawa, gumi a fuska, hanci ya toshe. In haka ta faru a kashe na'urar, a zaunar da mutum bayansa a miƙe, kada a kwantar da shi, a sassauta tufafi, a duba robar. In bai sauka ba, asibiti. Baban Ummi T10 ne, da wuya ta same shi, amma a sani.

Mai Keke, Tudun Wada:
Ƙari a kan na Malam: tsayuwa. Ni fisiyona ya zana mini abin tsayuwa a takarda, na kai wa mai walda a Panteka ya ƙera, da katifa a wurin gwiwa da ɗamara a ƙugu da ɗan teburi a gaba. Ba zan yi maka ƙarya ba, bai ƙara mini cinya ko kaɗan ba. Amma ƙafata ba ta ƙage ba, bayan gida ya fi sauƙi, kuma in na tsaya ina kallon tsakar gida daga sama sai in ji na dawo mutum. Ranar farko jiri ya kwashe ni kafin minti 5, don haka a fara da wani a kusa.

Kuma kada kallon ƙafa ya sa ka manta kafaɗa, ita ce ƙafarka yanzu. Abin da aka gindaya mana shi ne aƙalla minti 20 na motsa jiki mai sa haki sau 2 a mako, da ɗaga nauyi sau 2 a mako. Ni robar tiyub ɗin keke na ɗaure a ƙarfen taga, da ita nake yi.

Anti Nas, Malali:
Maganar Maman Sadik gaskiya ce amma da saura. Ƙwai, wake, awara, gyaɗa, kifi, duk a ci. Sai dai abinci ba ya zama tsoka a ƙafar da ba ta aiki, tumbi yake zama. Jikinka yanzu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa lokacin ƙwallo, don haka a rage malmalar tuwo da lemon kwalba, a bar miya da ganye. 'Yan dubiya ma a roƙe su, madara da maltina sun isa haka.

Abin da na fi ji maka tsoro a ramar nan mazaunai ne. Naman wurin shi ne matashin da ke tsakanin ƙashi da fata. A gado a juya ka duk awa 2, a keke ka ɗaga jikinka ko ka karkata duk minti 15 zuwa 30. Safe da yamma Maman Ummi ta duba mazaunai da ƙugu da diddige. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, a nemi wurin da ya fi duhu, ko ya yi tauri, ko ɗumi. In ka sami gyambo, na'urar da tsayuwar duk sai an ajiye su.

Malam Fisiyo, Unguwar Rimi:
Na manta. Ka ari tef ɗin tela, ka auna cinya daga santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, da safe kafin kumburi, sau ɗaya a wata, ka rubuta. Ido na ruɗi, tef ma kan ɗan yi ƙarya don kitse na shiga inda tsoka ta bari, amma ya fi wando.

Baban Ummi, Rigasa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiya labarin Mai Keke, ta yi shiru, ta ce a mayar da tawul ɗin ɗaki. Kawu ne bai gamsu ba tukuna, na ce ya raka ni asibiti ranar Talata ya ji da kunnensa. Maman Ummi ta auna: dama 38, hagu 36. Mai Keke, don Allah turo mini hoton abin tsayuwar naka ta gefe, in nuna wa fisiyo kafin in je Panteka.