Shugabana ya gayyace ni kallon kiɗan jita, na rasa abin yi

Baban Khalil: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina aiki a birnin Shikago na Amurka. Shugabana dattijo ne baƙar fata, iyayensa daga Misisipi suka taso. Shi ya tsaya mini lokacin da takarduna suka maƙale, ranar da maiɗakina ta haihu kuma har asibiti ya zo da abinci a hannunsa. Yana kaɗa jita, su uku ne, jaz da bulus (jazz da blues, kiɗan baƙaƙen fatan Amurka) suke yi. Lahadi ƙarfe uku na rana za su yi wasa a wani ɗan wuri mai kujeru kamar arba'in. Hannu da hannu ya ba ni tikiti, na ce zan zo. Daga baya na ji ana sayar da giya a wurin. Kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Kawu na Zariya: Babu dogon zance, ɗana. Kada ka je. Ga kiɗa ga giya, ga la'asar a tsakiya. Ka ce masa uzuri ya taso.

Maman Hanan: Kawu, ƙarya ke nan zai yi wa mutumin da ya yi masa halacci? Na taɓa zuwa irinsa. Wasan rana ba kamar na dare ba ne, yawanci dattijai ne a zaune shiru, in makaɗi ɗaya ya gama nasa zagayen a tafa masa. Sukan huta a tsakiya, a nan na fita na yi salla. Lemo na sha. Amma wata ta tura hotona gida, har yau dangin mijina ba su daina yi mini gori ba.

Ɗan Agadas: Ka je, yaya. Muddy Waters ma, shahararren makaɗin bulus, daga Misisipi ya zo Shikago a 1943, a nan ya koma jitar lantarki. Saurari Ali Farka Toure na Mali ko Bombino namu, za ka ji dangantakar kiɗanmu da bulus da kunnenka. Mu dai ba mu ɗauki makaɗi a bakin komai ba. Ina ɗan shekara sha biyar babana ya karya mini jita, ban sake taɓawa ba.

Kawu na Zariya: Tarihi daban, hukunci daban. Shekara talatin ina ganin yaranmu a waje, da "sau ɗaya kawai" ake farawa.

Baban Khalil: Kawu, ba sha'awar kiɗa ce ta sa na amsa ba. Ba ku ga fuskarsa ba lokacin da ya miƙo tikitin. Ya ce matarsa ce ke zama a kujerar gaba kafin ta rasu.

Maman Hanan: Maiɗakinka me ta ce?

Baban Khalil: Ban faɗa mata ba tukuna.

Kawu na Zariya: To, me ya hana ka faɗa mata?